Boris Uvarov: masanin da ya gano yadda fara ke rikiɗa ta zama annoba

A Illela, da Malbaza, da Birnin Konni, ba sai an yi wa manomi bayanin fara ba. Ya san ta a kan zangarniyar gero, ya san ta soyayya da yaji a kasuwa, kuma dattawa ba su manta da shekarun da ta sauka ta bar rumbuna wayam ba. Abin da ya daɗe yana ɗaure wa jama'a kai shi ne inda wannan runduna take fitowa, da inda take shiga idan ta ɓace shekara da shekaru. Wanda ya fara kawo amsar da ta jure gwaji shi ne Boris Petrovich Uvarov, haifaffen ƙasar Rasha, wanda ya rasu a 1970. Tsarin sa ido kan fara da Nijar ke bi a yau ya samo tushe ne daga wani hasashe da ya yi yana saurayi.

An haifi Uvarov cikin shekarun 1880 a garin Uralsk, bakin kogin Ural, a yankin da yanzu yake cikin ƙasar Kazakistan. Mahaifinsa ma'aikacin banki ne. Tun yana yaro yake sha'awar tara ƙwari, wannan kuma ya kai shi karatun ilmin halittu a jami'ar Saint Petersburg, inda ya kammala a 1910. Ya ɗan yi aiki a wata babbar gonar auduga a yankin Turkmenistan na yau, sannan ya koma Stavropol, a kudancin Rasha, aka ɗora shi kan ofishin yaƙi da ƙwarin gona tun bai kai shekara 30 ba.

Abin da ya gani a Stavropol

A wancan zamani littattafan masana sun raba fara mai ƙaura gida biyu. Tun ƙarni na 18 masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya raɗa musu suna daban-daban: Locusta migratoria da Locusta danica. Duk wanda ya ɗora su a tafin hannu zai ce gaskiyarsa. Danica koriya ce ko ruwan ƙasa, da ɗan tozo a bayan wuya, tana zaman kaɗaici cikin ciyawa, ba ta wata ɓarna ta a zo a gani. Migratoria kuwa 'ya'yanta baƙi ne da ruwan goro, suna tafiya a runduna, idan suka yi fuffuke sai su tashi su rufe sama.

Wajen 1913 Uvarov ya lura da wani abu da bai dace da littattafan ba. A wuraren da rundunar migratoria ta sauka ta yi ƙwai, cikin abin da aka ƙyanƙyashe akwai masu kamar danica, akwai kuma na tsaka-tsaki, waɗanda ba za a ce ga gidan da suke ba. Wani zai iya cewa danicar wurin ce ta cuɗanya da baƙi, ya wuce. Shi kuwa sai ya yi hasashen cewa iri ɗaya ne mai kama biyu, kuma cunkoso ne ke sauya shi daga wannan kama zuwa waccan.

A wajen masana kimiyya hasashe ba zato ne kawai ba. Magana ce da aka tsara ta yadda gwaji zai iya ƙaryata ta. Idan Uvarov ya yi kuskure, ƙwan migratoria ba zai taɓa ba da danica ba, ko yaya aka rene shi. Idan ya yi daidai, dole a iya juya wannan zuwa waccan a cikin keji. Wani abokin sana'arsa a Tashkent, mai suna Plotnikov, ya reni 'ya'yan migratoria a keji, ya ga wasunsu sun fito da kamar danica. Hujja ta fara samuwa, amma ba ta kai a rufe magana ba.

A 1915 aka mayar da Uvarov Tiflis, babban birnin Jojiya, domin ya tsara aikin kare amfanin gona. Can yaƙin duniya na farko da juyin juya halin Rasha na 1917 suka same shi, zama ya yi tsanani. A 1920 ya samu gurbi a hukumar nazarin ƙwari ta daular Birtaniya da ke Landan, ya yi ƙaura da iyalinsa. Shekara guda bayan haka, a 1921, ya buga maƙalar da ta fito da sunansa, wadda a ciki ya haɗa iri biyun nan wuri ɗaya, ya kuma bayyana dalilin da ya sa annobar fara ke zuwa tana tafiya. A bayaninsa, fara ba ta ɓacewa. Tana nan warwatse cikin kamarta ta kaɗaici, ba wanda ya kula da ita, har ranar da yanayi ya tara ta wuri guda.

Daga hasashe zuwa nazariyya

Ba duka masana suka yarda nan take ba, haka kuma ya kamata, tunda abin da mutum ɗaya ya gani a wuri ɗaya bai isa hukunci ba. Gwajin da ya fi gamsarwa ya fito ne daga Afirka ta Kudu, inda Jacobus Faure ya buga sakamakonsa a 1932. Ya ɗauki 'ya'yan fara, ya reni wasu ɗai-ɗai, wasu kuma a cunkushe. Na kaɗaici suka ɗauki launin wurin da suke, na cunkoso suka fito da launi da ɗabi'ar runduna. An sake ganin haka a sauran manyan farin Afirka, har da farar hamada, wadda aka fi sani da farin ɗango. A nan ne hasashe ya zama nazariyya, wato bayani mai faɗi da mutane daban-daban suka gwada a wurare daban-daban bai faɗi ba, wanda kuma zai iya nuna abin da ba a riga an gani ba.

Abin da nazariyyar ta nuna shi ne mafi amfani ga manomi. Idan cunkoso ne ke haifar da runduna, to dole akwai wasu keɓaɓɓun wurare da yanayinsu ke tara fara, inda annoba ke farawa. A gano su, a tsare su, an kashe wutar tun tana ƙarama.

Ba a daɗe ba aka samu damar gwada wannan magana, cikin mummunan hali. Daga 1928 fara mai ƙaura ta ɓarke a Afirka ta Yamma, ta bazu zuwa mafi yawan ƙasashen kudu da Sahara, ba ta lafa ba sai wajen 1941. A yammacin Nijar, ɓarnar fara da ƙarancin ruwa, ga nauyin haraji da aikin tilas na mulkin mallaka, suka haifar da babbar yunwar 1931, wadda ta ci rayuka masu yawa. A Landan aka ɗora wa Uvarov aikin tattara rahotannin fara daga ko'ina. Shi da 'yan ma'aikatansa, cikinsu har da Zena Waloff, suka riƙa zana kowane rahoto a kan taswira wata bayan wata, suna bin sawun rundunonin da baya, kamar mai bin sawun ɓatacciyar dabba. Sawun ya kai su fadamun kogin Kwara da ke tsakiyar ƙasar Mali ta yau. Masanan da suka je wurin, ciki har da Boris Zolotarevsky da ke aiki wa Faransa, suka tabbatar da haka. Idan ambaliya ta janye, fara na samun danshi da ɗanyar ciyawa ta ci gaba da haihuwa har cikin rani, tana kuma matsuwa a 'yan wuraren da suka rage.

Da yake fara ba ta san kan iyaka ba, Uvarov ya dage sai ƙasashe sun haɗa kai. An yi tarukan duniya kan fara a Rum a 1931, Paris a 1932, Landan a 1934, Alƙahira a 1936, da Brussels a 1938. Daga bisani aka kafa hukumar ƙasa da ƙasa ta OICMA domin tsaron fadamun Mali, aka kuma kafa makamanciyarta saboda jar fara a yankin tafkin Rukwa na Tanzaniya da fadamar Mweru ta Zambiya. Tun daga 1941 fara mai ƙaura ba ta sake yin annoba mai wancan girma daga Mali ba, ko da yake masana na lissafa fari da sauyin ambaliyar kogin cikin dalilan, ba tsaro kaɗai ba.

Inda nazariyyar ta gaza

Farar hamada ce ta ƙi bin tsarin. An yi shekaru ana neman mata matattara guda irin ta Mali, ba a samu ba. Taswirorin cibiyar binciken fara ta Landan, wadda aka kafa a 1945 Uvarov na shugabanta, su da kansu suka nuna cewa wannan fara tana bin iska da ruwan sama ne, tana haihuwa duk inda hamada ta yi tsiro, daga Muritaniya har Indiya. Rikiɗar kama gaskiya ce a kanta, amma batun matattara tsayayya bai hau ta ba. Ba a ɓoye wannan ba, aka gyara nazariyyar aka kuma sauya dabara: maimakon gadin wuri ɗaya, sai sintiri a faɗin ƙasa bayan kowane ruwa.

Wannan ya shafi jihar Tahoua kai tsaye, domin filayen Tamesna da ke arewa, tare da duwatsun Ayar, suna cikin wuraren da farar hamada ke haihuwa da damina. Idan ciyawa ta fara bushewa a can, fara kan taru a 'yan korayen wuraren da suka saura, rikiɗar ta fara. Hukumar FAO ta ƙiyasta cewa rundunar da ta rufe murabba'in kilomita ɗaya na ɗauke da fara miliyan 40 ko fiye, tana kuma iya cin abin da mutum 35,000 za su ci a yini. A 2004 rundunoni suka shigo Sahel daga arewa maso yammacin Afirka, suka haɗu da yankewar damina, Tahoua na cikin jihohin da suka fi jin jiki a matsalar abinci ta 2005. Bayan haka ne Nijar ta kafa cibiyar yaƙi da fara ta ƙasa, CNLA, wadda ma'aikatanta ke fita daga Agadez suna kewaya Ayar da Tamesna, suna ƙirga fara, suna duba launinta da ɗabi'arta. Wannan fara daban take da ƙananan farin da ke cin gero kusan kowace shekara, waɗanda ke ƙyanƙyashewa a yankin noma, maganinsu kuma daban ne.

Akwai tambayar da Uvarov ya bari a buɗe: me ke faruwa a jikin fara idan ta shiga cunkoso? An samu wani ɓangare na amsar bayan rasuwarsa. A 2001 masana a jami'ar Oxford suka nuna cewa yawan gogar ƙafafun baya na farar hamada shi ke tayar da ɗabi'ar runduna. A 2009 aka gano cewa sinadarin serotonin ne ke ƙaruwa a jijiyoyinta, ɗabi'ar ta sauya cikin 'yan sa'o'i.

Uvarov ya zama ɗan ƙasar Birtaniya a 1943, aka zaɓe shi cikin babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society a 1950, ya yi ritaya a 1959, aka ba shi lambar girma ta Sir a 1961. Bai ajiye alƙalami ba. Har ƙarshen rayuwarsa yana jan hankali cewa feshin magani kaɗai ba zai raba manomi da fara ba, sai an fahimci ƙasa da ciyawa da ruwan da ke tara ta. Kashi na farko na babban littafinsa kan fara ya fito a 1966. Ya rasu a Landan ranar 18 ga Maris, 1970, bai gama kashi na biyu ba. Abokan aikinsa ne suka harhaɗa abin da ya bari, suka buga shi a 1977.