Babban Gwani: Maginin da ya ɗaga rufin Masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara

A cikin birnin Zariya akwai unguwar da ake kira Babban Gwani. Sunan laƙabi ne na Muhammadu Durugu, wanda wasu ke kira Malam Mika'ilu, maginin da ya fi kowa suna a ƙasar Hausa a ƙarni na 19.

Aikin da ya fito da shi shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, manyan birane na buƙatar masallatai masu ɗaukar jama'a da yawa. Sai dai babu siminti, babu rodi, kuma azarar giginya ba ta iya ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta yi faɗi.

Durugu ya yi amfani da dabarar jera azara hawa-hawa daga ginshiƙi, kowace na ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure su, a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna ya ɗora ƙubbobin rufin, ya kuma ƙawata ginshiƙan da zane. Magina sun san dabarar kafin shi, amma shi ya kai ta matakin da har yau masana zanen gine-gine ke nazari.

Ana kuma danganta masa wani zaure a fadar Sarkin Bauchi, da Gidan Madaki na Kafin Madaki, wanda aka sanya cikin kayan tarihin Najeriya a 1956. Tarihin baka ya ce gwanintarsa ce ta yi ajalinsa: Sarkin Birnin Gwari ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani sarki wanda ya fi shi.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon masallacin da sabon ginin siminti, aka kuma gina kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ginin ƙasa sai da yaɓe kafin damina, kuma maginan da suka iya ɗaurin azara na ƙara raguwa a birane, inda bulo da kwano suka mamaye.