Malam Sa'adu Zungur

An haifi Malam Sa'adu Zungur a Bauchi wajen 1915, a gidan malamai. Bayan ya yi nisa a karatun addini, sai ya shiga Kwalejin Katsina, daga nan ya zarce Kwalejin Yaba a Legas.

Ba Turawa kaɗai ya sa a gaba ba. A ganinsa, mulkin mallaka da sarakuna da En'e ya jingina, talaka kuwa sai biyan haraji, ba a jin ta bakinsa. Irin kukan da mazauna Amurka suka yi da Ingila ke nan kafin 1776. A Bauchi ya haɗu da Malam Aminu Kano, suka riƙa tayar da muhawara a kan haka. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, amma tafiyar ba ta yi nisa ba, ya komo Arewa.

Waƙarsa, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, gargaɗi ce ga sarakuna: ko su gyara mulki da hannunsu, ko guguwar siyasa ta yi awon gaba da sarautar. Ciwo ya daɗe yana cin sa, ya rasu a 1958, saura shekara biyu a sami 'yancin kai.