Clarence Crafoord: Likitan da ya fara yin nasarar ciro ƙari daga cikin zuciyar mutum

Mu da muka tashi a kara mun sha ganin zuciyar sa a hannun mahauta, amma ba kowa ya san ƙari yana iya tsirowa a cikin zuciyar ɗan Adam ba. Yau ga tarihin mutumin da ya fara ciro shi, kuma mara lafiyar ta rayu.

An haifi Clarence Crafoord a garin Hudiksvall na ƙasar Suwidin a 1899, ya yi aikin tiyata a birnin Stockholm. Tun wajen 1935 ya shiga gwajin heparin, maganin da ke hana jini daskarewa. Abin mamaki, a wancan zamani daga hanta da huhun shanu ake tace shi. A 1944 kuma ya zama na farko da ya gyara ƙuntatacciyar babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya.

To amma buɗe zuciyar kanta fa? Ai tana bugawa, jini na kwarara. Sai shi da abokin aikinsa Ake Senning suka haɗa na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci. A 1954 suka jona wata mata da ita, Crafoord ya buɗe zuciyarta ya ciro ƙarin da likitoci ke kira miksoma. Matar ta yi shekaru masu yawa bayan haka. Shi kuwa ya rasu a 1984.

Miksoma ba kansa ba ne. Ƙarin zuciya mai kansa ya fi ƙaranci, ya kuma fi wuyar magani, shi ya sa gano shi da wuri yake da muhimmanci. Matsalar ita ce alamominsa na kama da na sauran ciwon zuciya: haki, kumburin ƙafa, suma. Yanzu hoton zuciya da ake kira eko yana nuna shi ba tare da an yanka mutum ba.

A Najeriya, asibitin koyarwa na Inugu ne ya fara tiyatar buɗe zuciya a 1974. Don haka idan ɗan uwa a zango yana haki ba dalili, kar a tsaya cewa sammu ne ko gajiyar hanya. A kai shi asibitin koyarwa mafi kusa a duba zuciyar. Allah ya ƙara mana lafiya.