André Citroën, mai motocin da suka ratsa Tasawa da Damagaram a 1924

A farkon watan Disamba na shekarar 1924 wasu motoci takwas suka shiga birnin Damagaram, wanda a lokacin shi ne hedkwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar. Motocin ba irin waɗanda aka saba gani ba ne. A gaba suna da tayoyi biyu kamar kowace mota, a baya kuma wata sarƙar roba ce ke juyawa irin ta tankar yaƙi, kowace tana jan ƙaramar tirela cike da kaya. Sun taso ne daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, suka ratsa Sahara zuwa kogin Kwara, suka bi ta Gao da Yamai, sannan suka karkata gabas cikin ƙasar Hausa. Mutumin da sunansa ke jikin motocin bai zo tare da su ba. Yana birnin Paris yana jiran saƙonnin waya don ya raba wa jaridu. Sunansa André Citroën.

An haife shi a Paris ranar 5 ga Fabrairun 1878. Mahaifinsa Bayahude ne ɗan ƙasar Holan mai fataucin lu'ulu'u, mahaifiyarsa kuma 'yar birnin Warsaw ce ta Poland. Sunan gidan nasu ma'anarsa lemun tsami a harshen mutanen Holan, domin wani kakansu sayar da lemu yake yi. André yana da shekara shida mahaifinsa ya kashe kansa bayan kasuwanci ya karye masa. Duk da wannan maraici yaron ya yi karatu har ya shiga École Polytechnique, babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa, ya fito a 1900.

A wannan shekara ya kai ziyara wurin dangin mahaifiyarsa a Poland, inda ya ga wata irin giyar inji da aka yanka haƙoranta kamar harafin V. Irin wannan giya ba ta ƙara sosai, kuma tana jure nauyi fiye da mai miƙaƙƙun haƙora. Ya sayi izinin ƙera ta, ya dawo Paris ya buɗe masana'anta. Alamar nan ta kusurwa biyu da ke goshin kowace motar Citroën har yau, hoton haƙoran wannan giya ne.

Shigarsa harkar motoci ta biyo ne ta ƙofar wani kamfani da tsere ya ɗaukaka, wato Mors. Motar Mors ce ta ci tseren Paris zuwa Berlin a 1901, ita ce kuma ta fi kowace saurin isa Bordeaux a tseren Paris zuwa Madrid na 1903, wanda gwamnati ta dakatar a nan saboda yawan mace-mace a hanya. Cikin waɗanda suka mutu har da Marcel Renault, ɗan'uwan Louis Renault. To amma kofuna ba su hana kamfanin Mors durƙushewa ba, kuma a 1908 aka kira Citroën ya farfaɗo da shi. Ya gyara tsarin aiki, yawan motocin da ake fitarwa a shekara ya ninka sau da dama. Wanda ya dubi abin da ya yi daga baya zai ga cewa bai manta da halin da ya tarar da Mors ba, domin har ya mutu bai taɓa kafa ƙungiyar tseren Grand Prix ba, alhali Peugeot da Bugatti da Delage suna zuba kuɗi a can.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914 an tura shi rundunar igwa, aka kuma kashe yayansa Bernard a farkon yaƙin. Ganin yadda sojojin Faransa ke fama da ƙarancin harsasan igwa, ya nemi gwamnati ta ba shi kwangila, ya gina masana'anta a unguwar Javel da ke gaɓar kogin Seine a 1915. Mafi yawan ma'aikatan mata ne, kuma kafin yaƙin ya ƙare sun ƙera harsasai kimanin miliyan 23. Da aka ajiye makamai sai ya mayar da masana'antar ta motoci. A 1919 ya fito da Type A, motar farko a Turai da aka ƙera da yawa a kan layi irin yadda Henry Ford yake yi a Amurka. Ana sayar da ita a kammale, da fitilu da tayar safiya da abin tayar da inji, a lokacin da sauran kamfanoni ke miƙa wa mai saye ƙashin mota ya je ya nemi mai yi masa jiki.

Citroën bai shahara da zana inji ba. Ya ɗauki ƙwararru su yi masa wannan. Gwanintarsa tana wajen tsara masana'anta da kuma talla, inda babu wanda ya kama ƙafarsa a zamaninsa. A 1922 ya sa jirgin sama ya rubuta sunansa da hayaƙi a samaniyar Paris. Ya kakkafa allunan nuna hanya a garuruwan Faransa ɗauke da alamar kamfaninsa, ya ƙera ƙananan motocin wasa don yara su tashi da sunan a bakinsu. Daga 1925 zuwa 1934 sunan Citroën na haskawa a jikin hasumiyar Eiffel da ƙwayayen lantarki wajen 250,000.

A nan ne Sahara ta shigo lissafinsa. Wani injiniya mai suna Adolphe Kégresse, wanda ya taɓa kula da motocin sarkin Rasha Nicholas na Biyu, ya ƙirƙiro sarƙar roba don mota ta iya tafiya a kan ƙanƙara. Citroën ya ga cewa abin da ya yi aiki a ƙanƙara zai yi a rairayi. Ranar 17 ga Disambar 1922 motoci biyar suka tashi daga Touggourt ta Aljeriya ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt, babban manajan kamfanin, da Louis Audouin-Dubreuil, tsohon hafsan soja da ya san hamada. Suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairun 1923, bayan sun ci fiye da kilomita 3,000. Wannan ne karo na farko da mota ta ƙetare Sahara. A hanyarsu ta komawa Citroën da matarsa suka shiga hamadar Aljeriya suka tarbe su.

Ba a kira wannan tsere ba, amma tsere ne, kuma abokin karawar shi ne Louis Renault, wanda ya tura nasa motocin masu taya shida su ratsa hamadar a 1924. Kowanne yana so gwamnati da soja su yarda cewa motarsa ce za ta haɗa Aljeriya da yankunan Faransa na Afirka ta Yamma. Citroën har ya gina masaukai a hanyar Tumbutu da niyyar riƙa jigilar attajirai masu yawon buɗe ido, amma a farkon Janairun 1925, saura 'yan kwanaki a buɗe, aka soke shirin bisa dalilin tsaro, kuɗin da ya zuba suka tafi a banza.

Tafiyar da ta biyo ta ƙasar Hausa ita ce Faransawa suka laƙaba wa suna Croisière Noire. Haardt da Audouin-Dubreuil ne suka sake jagoranta, tare da mai shirya fim Léon Poirier da mai zane Alexandre Iacovleff, ɗan asalin Rasha. A Tasawa Sarki Barmu ne ya karɓe su, a Damagaram kuma suka tarar da Sultan Barma Mustafa. Mahaya dawakai da 'yan lifida da masu kakaki da suka fito tarya sun shiga fim ɗin da aka nuna a Paris a 1926, kuma hotunan suna cikin tsofaffin shaidun da suka rage na yadda fadodin yankin suke a wancan lokaci. Sai dai dole mai kallo ya san idon da ya ɗauke su. An shirya fim ɗin ne don a tallata mota da mulkin mallaka tare, aka nuna mutanen ƙasa tamkar kayan kallo. Ita kanta tafiyar ba ta yiwu ba sai da aka riga aka jibge man fetur da abinci da kayan gyara a zango-zango, kuma raƙuma da 'yan dako na ƙasar ne suka kai su can. Sunayen Turawan ayarin suna cikin littattafai, na waɗanda suka ɗauki gangunan mai a ka kuwa ba a damu da rubuta su ba.

Daga Damagaram motocin suka nufi tafkin Chadi, suka isa Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, kafin watan Disamba ya ƙare. Wannan hanya ta gabas ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Ita ce maniyyata daga Kano da Katsina da Damagaram suke bi a ƙasa ko a kan jaki, su wuce Wadai da Darfur zuwa kogin Nilu, suna tsayawa su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, wani lokaci tafiyar ta ɗauki shekaru. Da yawa ba su koma gida ba, kuma jikokinsu ne ake samu yau a Omdurman da Kalakla da Mai Wurno. Ayarin Citroën bai bi su har Nilu ba. Ya gangara kudu zuwa Bangui, ya yi wani ratse na farauta har kusa da iyakar Sudan, sannan ya shiga dazukan Kwango. A yankin tafkin Victoria aka kasu gida huɗu, kowane ya nufi wata gaɓar teku, aka sake haɗuwa a Madagaska, inda tafiyar ta ƙare a Antananarivo ranar 26 ga Yunin 1925.

A ƙarshen shekarun 1920 Citroën ya zama kamfanin motoci mafi girma a Turai. Ya sake shirya wata tafiyar, Croisière Jaune, daga Beirut a Afrilun 1931 zuwa Beijing a Fabrairun 1932, amma ta ci masa Haardt, wanda ya mutu a Hong Kong a watan Maris. A 1933 wata ƙaramar motarsa da ake kira Petite Rosalie ta yi ta zagaya filin Montlhéry kusa da Paris dare da rana har kwana 134, ta ci kilomita 300,000. Kamfanin man inji na Yacco ne ya ɗauki nauyin gwajin. Wannan ne mafi kusa da Citroën ya zo ga filin tsere, kuma ko a nan juriya aka gwada, domin ita ce mai sayen mota ke tambaya.

Mutumin yana da rauni, kuma kowa a Paris ya san shi. Ɗan caca ne, yakan zubar da maƙudan kuɗi a gidan cacar Deauville, haka kuma yake tafiyar da kamfaninsa, da bashi da kasada. A 1933, tsakiyar karyewar tattalin arzikin duniya, ya rushe masana'antar Javel ya sake gina ta cikin 'yan watanni, ya kuma zuba abin da ya rage a sabuwar mota, Traction Avant, wadda André Lefèbvre ya tsara injiniyancinta, Flaminio Bertoni ya zana siffarta. Tayoyin gaba ne ke jan ta, kuma jikinta da ƙashinta haɗe suke. An gaggauta fito da ita a 1934 kafin a gama kawar da matsalolinta, masu bin bashi kuma ba su yi haƙuri ba. A Disambar 1934 kotu ta ayyana kamfanin a matsayin wanda ya gaza biyan bashi, Michelin mai tayoyi, wanda ya fi kowa bin sa kuɗi, ya karɓe ragama. André Citroën ya mutu a Paris ranar 3 ga Yulin 1935 sakamakon ciwon daji na ciki, yana da shekara 57, aka binne shi a maƙabartar Montparnasse. Motar da ta karya shi an ci gaba da ƙera ta har 1957, an sayar da wajen 760,000.

Tseren da ya ƙi shiga, magadansa sun shige shi, amma ta hanyar da ta dace da gadonsa, wato tseren dogon zango a kan hanyoyi marasa kyau. Citroën ta ci gasar Monte Carlo a 1959 da 1966, ta ci ta Maroko a 1969. A 1973 ƙananan motocin 2CV guda 60 suka tashi daga Abidjan suka ratsa hamadar Tenere zuwa Tunis. A 1974 an yi tsere daga Landan zuwa Munich wanda ya gangaro ta Sahara har Kano ya koma, hamada ta cinye mafi yawan motocin, wasu 'yan Ostareliya a cikin Citroën DS suka zo na ɗaya. Bayan Peugeot, wato Fijo da aka sani a Kaduna, ya mallaki kamfanin a 1976, sai aka koma hamada da ƙarfi. Ari Vatanen ɗan Finland ya ci gasar Dakar ta 1991, wadda ta biyo ta Dirku da Agadas, a cikin Citroën ZX, Pierre Lartigue kuma ya ci ta 1994 da 1995 da 1996. Daga 2004 zuwa 2012 Sébastien Loeb ya lashe kambin duniya na rali sau tara a jere da motocin Citroën, kamfanin kansa ya ɗauki na masu ƙera motoci sau takwas, kafin ya janye daga gasar a ƙarshen 2019.

Masana'antar Javel an daɗe da rushe ta. A filinta akwai wurin shaƙatawa da aka buɗe a 1992 mai ɗauke da sunansa, haka ma titin da ke bakin kogin.