Mamman Shata

An haifi Mamman Shata a Musawa, ƙasar Katsina, a shekarar 1923. Ubansa bai so ya zama mawaƙi ba ko kaɗan. Amma yaron, in ya ɗauki tallar goro zuwa kasuwa, sai waƙa. Da ya girma ya tara makaɗan kalangu da ƴan amshi. Ya yi wa sarakuna waƙa, ya yi wa manoma.

An ɗauki muryarsa a faifan garmaho, wani baƙin faifai mai juyawa ƙarƙashin allura. Faifai da rediyo ne suka kawo waƙoƙinsa har nan Damargu.

Shata ya rasu a Kano a 1999, aka rufe shi a Daura.