Hubert Ogunde: ɗan sandan da ya tuɓe kaki, ya tsufa a fagen wasan kwaikwayo

A filinmu na tarihin magabata, yau mun leƙa maƙwabciyarmu Najeriya, wajen wani Bayarabe da ya yi shekara 46 yana wasan kwaikwayo, abin da muke cewa teyatur.

An haifi Hubert Ogunde a 1916 a garin Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ya yi malamin makaranta, sannan ya shiga aikin ɗan sanda a 1941. A 1944 wani coci a Legas ya sa shi ya shirya wasa da waƙa, jama'a suka yi na'am da shi. Daga nan fa ya aje kaki, ya kafa ƙungiyarsa, suna bin gari gari cikin mota, kuɗin ƙofa ne abincinsu. A lokacin iyaye ba su yarda ƴaƴansu mata su yi wasa, shi ya sa da yawa cikin matan ƙungiyar matan aurensa ne.

Wasanninsa ba na ban dariya kaɗai ba ne. A 1945 ya yi wasa kan babban yajin aikin ma'aikata. A 1950 ya fito da Bread and Bullet, kan ma'aikatan haƙar kwal da ƴan sandan Turawa suka harbe a Enugu a 1949. Da ya kai wasansa Kano, hukumar Turawa ta hana, aka kama shi, aka ci shi tara. Bayan samun mulkin kai ma bai tsira ba. A 1964 wasansa Yoruba Ronu ya ɓata wa gwamnatin Akintola rai, aka hana shi wasa a duk Jihar Yamma har 1966.

To, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne tsufansa. Da silima da talabijin suka fara janye ƴan kallo, Ogunde bai zauna yana zagin zamani ba. Yana da shekara sittin da ƴan kai ya koma fim, ya fito da Aiye, aka yi ta tururuwar kallo. A 1986, yana da shekara 70, gwamnatin Najeriya ta ɗora masa aikin haɗa ƙungiyar wasa ta ƙasa, ya tara samari da ƴan mata yana horar da su. Aikinsa na ƙarshe shi ne fim ɗin Mister Johnson, da aka ɗauka a arewacin Najeriya. Ciwo ya kama shi, ya rasu a Landan ran 4 ga Afrilu 1990. Ya bar wasanni sama da 50.

Me ya kawo mu kan wannan labari? Mu ma nan Nijar mun yi zamanin samariya lokacin Seyni Kountché, da gasar matasa ta ƙasa, da wasannin su Yazi Dogo a Télé Sahel. Waɗanda suka hau dandali a wancan lokaci yau dattawa ne. Yawancin wasanninsu ba a rubuce suke ba, a ka suke. Ran da mutum ya kwanta dama, wasansa ya bi shi.

Matasanmu masu ɗaukar barkwanci da wayar salula suna sa wa a WhatsApp, ku je ku gaida dattawan nan, ku tambaye su yadda ake ƙulla labari, ku naɗi muryarsu tun suna da ƙarfi. Ku kuma iyayenmu, kada ku ce girma ya kama ku. In ƙafa ba ta iya tsalle a dandali, baki yana iya koyarwa. Duk wanda ya san wani tsohon ɗan wasa a ƙauyensu, ya sanar da gidan rediyonku, za mu kai masa makirfo har gida.