Malam Abdussalami na Gimbana

Masu karatu da su ke zaune a Jega da Aliero da Maiyama sun san Gimbanawa, amma ba kowa ya san labarin kakansu ba. Sunansa Abdussalami. Shi Ba'are ne, ba Bafillace ba, ya kuwa zama ɗaya daga cikin manyan almajiran Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tun Shehu yana Degel.

A zamanin Sarkin Gobir Nafata aka matsa wa jama'ar Shehu. Abdussalami ya kwashe mutanensa ya koma Gimbana, kusa da inda Jega ta ke yau, domin ya yi addininsa a sake. Sa'anda Yunfa ya hau gadon Gobir ya aika masa ya komo, ya ƙi. A ƙarshen shekara ta 1803, cikin watan azumi, mayaƙan Gobir suka fāɗa wa Gimbana, suka kashe mutane, suka kama waɗansu bayi. Da aka bi da kamammun nan ta kusa da Degel, sai mutanen Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan ne ya jawo hijirar Shehu zuwa Gudu a watan Fabrairu 1804, yaƙi kuma ya tashi.

Abdussalami ya yi yaƙin tare da su. Amma da aka ci nasara aka raba ƙasa, rabonsa bai wuce Sabiyal da ƙauyukanta ba, can wajen Aliero, a ƙarƙashin Abdullahi na Gwandu. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya ga shi ne ya fara shan wuya, ga shi kuwa waɗansu sun fi shi girma. Daga baya aka maishe shi Kware kusa da Sakkwato, inda za a sa masa ido.

A nan ya kamata mu dakata. Ƙarar da ya yi ba duka ta son kai ba ce. Ya yi kukan zaluncin waɗansu masu mulki da ƙwace dukiyar talakawa, waɗanda aka matsa musu kuma suna gudu wurinsa yana karɓarsu. Amma kukan gaskiya da ƙishin rabo sun cuɗe a zuciya ɗaya, har raba su ya yi wuya. Mu ma cikin ekklesiya mun san wannan ciwo, gama ko almajiran Ubangijinmu sun yi gardama a kan wanda ya fi girma a cikinsu, suna kan hanya tare da shi.

Shehu ya rasu a 1817. Abdussalami da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello suka yi ta musayar wasiƙu, kowa yana kawo hujjarsa daga littattafai, ba su daidaita ba. Bello ya kai yaƙi Kware, garin ya fāɗi. Abdussalami ya fita da rauni, ya mutu a Bakura a 1818.

Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina. Abdullahi ya kewaye garin, Bello ya kawo masa gudummawa, a nan ne kuma su biyun suka shirya bayan saɓanin da ya shiga tsakaninsu a kan gadon Shehu. Buhari ɗan Abdussalami ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka yardar masa ya kafa gari a bakin gulbi. Garin nan shi ne Jega, wadda kasuwarta ta zama zangon fatake masu zuwa Gwanja sayen goro.